Taken Bahago

ORON

A Oron, can bakin teku a kudancin Najeriya, na fara sanin cewa ruwa ma iri-iri ne. Ni da na tashi a bakin kogin Wudil, na koyi iyo a ƙarƙashin gada tun ban iya ɗaure mazagin wando ba, na ɗauka babu ruwan da zai ba ni tsoro. Sai ga ni a gaban wani ruwa da ba shi da tsallake, duk inda ka duba shi ne, har ya haɗe da sama.

Sunana Sabi'u. Gidanmu fawa muka gada, a bayan kasuwar kara muke. Wani ɗan unguwarmu da ya daɗe a Gabon shi ya yi ta kirana a waya, yana cewa in zo Libreville, can tsire ba ya kwantai, kuma babu mai hannu irin na mutanenmu. Na sayar da babur ɗina na kama hanya. Ɗan unguwar tamu ne ya haɗa ni da wani dillalin jirgi a Oron, mutum mai fara'a, carbi a hannu, Hausa a bakinsa kamar a Fagge aka haife shi. Ya karɓi kuɗinmu, ya zuba mu a wani ɗaki bayan rumbun kifi, ya ce sai gobe. Goben nan ta yi ta haifar wata goben.

Muna da yawa a ɗakin, kowa da wayarsa a kunne. Kusa da ni akwai wani tela ɗan birnin Kano, Kabiru, mai son raha. Wata rana da hantsi ya zare abin kunnena ya saka a nasa, ya saurara kaɗan, sai ya fashe da dariya.

"Malam Sabi'u, wannan kiɗa ne ko gyaran kwano ake yi? Ga kukan shanu, ga mai tallan fura. Ina waƙar take?"

Abin da ke wayata ni na ɗauke shi da hannuna. Duk ranar Juma'a, in kasuwar kara ta cika, tsofaffin makaɗan kalangu sukan zo layin mahauta su tsaya rumfa-rumfa. Kowane babban mahauci yana da takensa, wato kiɗan da in aka buga shi kowa ya san da wa ake. Nakan ajiye wuƙa in ɗaga waya. Muryoyinsu sun dushe, wani ba shi da haƙora, wani yakan tsaya tsakiyar waƙa ya tofar da goro. Ni kuwa haka nake son abina.

Kabiru ya ce, "Tsaya ka ji yadda aka gyara ta." Ya kunna mini waƙar nan ɗaya, amma wani matashi ya sake ta a situdiyo, da fiyano da amshin 'yan mata. Sumul take, babu ko ƙwarzane. Na ce ta yi daɗi, don ta yi ɗin. Amma na ce masa a tawa ina jin warin kasuwa, a tasa kuwa ban san inda nake tsaye ba. Ya ce ni tsoho ne aka saka a rigar yaro. Daga ranar yake kirana Baba Sabi'u.

BAKIN WANI DAJI

Da asuba aka loda mu a wani jirgin katako mai inji, a kan buhuna da jarkoki. Ba zan iya faɗin tsawon zamanmu a ruwa ba. Amai da ƙishirwa ba su bar kowa ya yi lissafi ba. Abin da na sani, wata safiya direban jirgin ya kashe inji, ya nuna mana wasu bishiyoyi da ke tsaye a cikin ruwa da saiwoyinsu a waje, ya ce, "Gabon! Gabon!" Yaransa suka ɗaga sanduna suka ce mu sauka maza, kafin masu sintiri su zo.

Ruwan ya kai mini ƙirji. Na ɗora jakata a ka, na manta wayar tana aljihun wando. Kafin mu taka ƙasa jirgin ya juya. Da na fito da wayar, ruwa ne ke tsiyaya ta ramin caji. Na ciro memorin na goge, na hura, na shanya a kan ganye. Daga baya an gwada mini shi a wayoyi da yawa, bai sake buɗewa ba. Duk tsofaffin nan na layin mahauta sun tafi a ruwan gishiri.

Mun yi ta kutsawa cikin taɓo har muka hango hayaƙi. Wani ƙaramin sansanin masunta ne. Wata tsohuwa tana bandar kifi a kan wata doguwar raga, idanunta sun yi ja don hayaƙi. Kabiru ya nuna ƙasa ya ce, "Gabon?" Ta yi dariya. Da ta dubi fuskokinmu sai dariyar ta tsaya. Ta girgiza kai ta ce, "Kamaru."

Wani babban mutum a cikinmu ya zauna a taɓo ya rufe fuska da hula.

Tsohuwar nan ba ta tambaye mu komai ba, dama ba ma jin juna. Ta kawo ruwan sha a bokiti, ta dafa rogo, ta ɓare kifi mai zafi ta tura mana a faranti ɗaya. Ta ga ƙafata ta yanke, ta wanke da ruwan ɗumi ta ɗaure da gefen tsohon zani. Sannan ta koma bakin aikinta, tana juya kifi tana waƙa. Murya ce mai kaushi, hayaƙi ya cinye rabinta. Takan yi tari ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na san irin waƙar. Irin wadda mutum ke yi wa kansa ce don hannu ya ci gaba da aiki, kamar yadda innarmu ke yi a bakin turmi. Na jingina da wani itace ina saurare, hawayen da ban yi a cikin jirgi ba suka zo.

A nan Kabiru ya ce shi ya haƙura, gida zai koma. Da za mu rabu ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Baba Sabi'u," ya ce, "da wayarka ba ta mutu ba, wallahi yau da na ce ka sa mana masu gyaran kwanon nan."

DUWALA

Masuntan suka tsallakar da mu zuwa inda mota ke wucewa. Na isa Duwala da kayan jikina da wuƙata, wadda ita kaɗai ruwa bai yi wa komai ba. A unguwar Hausawa wani mai tsire ya dubi yadda na riƙe ta, ya ce in zauna in yanka masa albasa. Washegari ya ba ni nama. Na kwana a shagonsa watanni, ina tara kuɗin mota.

Garin nan ruwan sama ba ya ɗaukewa. Kaya ba sa bushewa, ƙuli-ƙuli yakan yi laushi a cikin leda. Na sayi wata tsohuwar waya, na kira gida na ce lafiya lau nake, ban faɗi komai game da taɓo ba. Yayana Nafi'u ya ce muryata ta canja. Na ce mura ce.

Da babbar salla mahautan unguwar suka yi taro, suka ɗauko wani mawaƙi da fiyano da manyan lasifika. Ya yi tsofaffin waƙoƙin fawa, har da wasu da na sani. Yaron ya iya, babu ƙarya. Kalangun ma a cikin fiyanon yake, in ya danna sai ya fito, bugu ɗaya bai fi ɗaya ba. Mutane suka yi ta rawa suna liƙi. Ni ma na tashi na taka, don kada a ce ina da girman kai. Amma da na koma na zauna sai na ji kewar gida ta fi ta kullum. Kamar an miƙo maka hoton mahaifiyarka, an goge mata tsagen fuska, an cike mata giɓin haƙori, an ce ga ta nan an ƙara mata kyau. Ka san ita ce, amma ba za ka iya cewa Inna ba.

HANYAR KUDU

Wani Bafulatanin Garwa mai motar albasa ya yarda ya ɗauke ni a matsayin yaron mota. Hanya ce ta daji, bishiyoyi sun rufe sama, shingaye ba iyaka. A kowane shinge shi yake sauka ya yi magana, ni ina can sama a kan buhuna ina warin albasa. Da muka shiga Gabon ta gaske na kira ɗan unguwarmu na Libreville. Ya ɗauka sau ɗaya ya ce yana zuwa. Bayan nan lambar ba ta sake shiga ba.

Direban ya ga abin da ya faru, ya miƙo mini goro.

"Kada ka shiga babban gari ba ka da kowa," ya ce. "Ni Lambarene zan sauke kaya. Akwai wani tsoho mahauci a can, irin maganarku yake yi. Ƙafa ta hana shi aiki. Je ka gaishe shi."

LAMBARENE

Da muka hau gadar garin na dubi ƙasa. Kogi ne mai faɗi, ga kwale-kwale, ga mata na wanki, ga yashi a gefe. Ba don korayen bishiyoyin nan ba da na rantse gadar Wudil ce.

Rumfar tsohon tana kusa da kasuwar kifi. Na same shi zaune a kan benci, ƙafafunsa a kumbure, wuƙa a hannun hagu. Na durƙusa na yi sallama. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutan gida, ya sake tambayar gajiya. Hausarsa irin ta kakana ce, wadda yanzu ba a cika ji ba.

"Samari, daga ina?"

"Daga Wudil, Baba."

Wuƙar ta tsaya a kan nama. Ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya, a nan na gane idanunsa ma ba sa gani sosai.

"Wudil wacce?"

"Ta bakin kogi, Baba. Bayan kara gidanmu yake."

Ya ajiye wuƙar a hankali. "Ni mutumin Darki ne," ya ce. "Matso in taɓa ka."

Sunansa Ɗanjuma, amma ya ce a gida Bahago ake ce masa. Ya baro Darki, nan kusa da Wudil ɗinmu, tun kafin a haife ni, da niyyar ya yi shekara biyu. Ya auri 'yar garin, wadda kowa ke kira Maman Awa, suka haifi 'ya ɗaya, Awa. Kullum yana cewa baɗi zai je gida, har iyayensa suka rasu, har waɗanda ke kawo masa labari suka daina zuwa. Ranar nan bai bar ni na huta ba. Ya tambayi wane, na ce ya rasu. Ya tambayi wane, na ce ban taso na same shi ba. Ya tambayi wata tsamiya a hanyar Utai, na ce tana nan. Ya ce alhamdu lillahi, kamar ɗan'uwa aka ce masa yana raye.

Ya ba ni ɗaki a gidansa, ya ba ni tukuba, ya bi mini hanyar takardu sannu a hankali. Da zazzaɓi ya kayar da ni, Maman Awa ta yi ta goge mini jiki da ruwan ganye tana mini faɗa da Faransanci. Baba kuwa ya sa aka buɗe wata tsohuwar gwangwani, ya ciro tsamiyar da wani direba ya kawo masa yake ta adanawa, ya zauna bakin murhu ya dama mini kunu da kansa. Kunun ya yi gudaji. Na shanye tas.

Wata rana da la'asar ina tsire nama, ban ma san ina yi ba, ashe ina kiɗan kalangu da baki. Sai na ji ya ce, "Sake."

Na sake.

"Wannan taken Sarkin Fawa ne na da. A ina ka samo shi?"

Na ba shi labarin tsofaffin layin mahauta, da wayar da ruwa ya cinye. Can ya fara buga benci da yatsun hagu, wani kiɗa mai ɗingishi, kamar mai tafiya yana waiwaye.

"Wannan nawa ne," ya ce. "Tanimu mai kalangu ya yi mini shi, ranar da na fara kayar da sa ni kaɗai a kara. Tare muka tashi a Darki. Kiɗan yana hannuna, amma maganar ta gudu. Ina kamo farkon, sauran ya ƙi zuwa." Ya shafa gwiwarsa. "Sabi'u, ka ga jikin nan. Ba zai hau motar albasa ba. Na riga na san a nan za a rufe ni, kuma ban ƙi ba, ƙasa duk ta Allah ce. Amma ina so in ji an kira ni sau ɗaya yadda ake kirana a gida."

Na kira Yaya Nafi'u. Ya bincika ya ce Tanimu yana raye, amma ya tsufa, ya daina fita. Sai dai yana da ɗa mawaƙi da ake ji da shi a bukukuwa, kuma ɗan ya san taken. Yayana mutum ne mai son a fita kunya. Ya ce dattijon da ya riƙe ƙaninsa a ƙasar waje ba za a aika masa abin wasa ba. Ya ɗauki yaron har Kano, suka shiga situdiyo.

Ranar da saƙon ya iso, Awa ta aro lasifika. Muka zauna a tsakar gida. Fiyano ya fara, ganguna suka shigo, sannan wata murya mai zaƙi, tana amsa kuwwa kamar daga cikin sabon gini. Kiɗan na Baba ne, amma an miƙar masa da ɗingishin. Mawaƙin ya yi ta kiran Alhaji Ɗanjuma na Gabon, mai gidaje, mai motoci, uban marasa uba. Awa tana kaɗa kai tana murmushi. Maman Awa har ta ɗan taka.

Baba ya saurara har ƙarshe, hannayensa a kan gwiwa.

"Allah ya yi wa yaron nan albarka," ya ce. "Muryarsa da daɗi. Ka yi wa yayanka godiya, ya yi ɗawainiya." Sannan ya ƙara da cewa, "Sai dai wannan Alhajin da yake ta kira, ban san shi ba."

Da matan suka shiga ɗaki ya ce da ni, ƙasa-ƙasa, "Kalangu a hammata yake zama, Sabi'u. In makaɗi ya gaji, kana ji. In ya hango ka daga nesa ya yi murna, kana ji. Wannan bai gan ni ba."

Bai sake tambayar waƙar ba. Bayan ɗan lokaci ciwon ya tashi, aka kwantar da shi a asibiti, aka sallamo shi ya rame, ba ya iya zuwa rumfa. Ya rage magana. Na ga in na tsaya jin nauyin yayana, lokaci zai wuce. Na sake kira.

"Yaya, don girman Allah wata alfarma zan roƙa. Waƙar ta yi kyau, Baba ya sa albarka. Amma so nake ka je Darki da kanka, wurin shi tsohon."

"Kai Sabi'u, ka san me kake cewa? Mutumin nan hannunsa rawa yake. Haƙori babu. Gidan ma kaji ne ko'ina. Wannan za mu aika ƙasar waje?"

"Shi nake so, Yaya. Kada ka gyara komai. Tun daga ƙofar gida ka kunna wayar, ka ajiye ta a tabarma, ka manta da ita."

Ya yi tsaki. "Kai dai tun kana yaro haka kake. A ba ka sabuwar riga ka ce tsohuwar ta fi." Sannan ya ce, "Jikin nasa ya yi tsanani ne?"

"Ya yi, Yaya."

"To. Jibi in Allah ya kai mu."

Saƙon ya zo da rana tsaka, dogo ne ƙwarai. Baba yana kwance a tabarma a inuwar mangwaro. Ban nemi lasifika ba, na ajiye wayar kusa da kunnensa.

Farko ƙarar babur ce, ta mutu. Sallama. Kaji suna ta kuka, can nesa wata tana daka. Gaisuwa mai tsawo tsakanin yayana da wata murya mai rawa. Baba ya buɗe ido. Yaya ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Wane Ɗanjuman?" in ji muryar. "Bahago? Na gidan Mamman? Ai cewa aka yi ruwa ya ci shi."

"Yana nan da ransa, Baba. A Gabon."

"La'ilaha illallahu. Bahago na da rai." Sai ya ɗaga murya. "Talatuwa! Talatuwa, miƙo mini kalangun nan!"

Wata tsohuwa ta amsa daga cikin ɗaki, tana mita, wai fatar ta saki, wai rabonsa da taɓa shi tun bara, wai in ya tayar da tarinsa ita ba ruwanta. Aka ji an jawo abu, an kaɗe ƙura. Aka ji yana jan igiyoyi yana gwadawa. Ya fara, ya kuskure, ya tsaya. Ya yi tari mai tsawo. Ya sake farawa.

Sai ga shi. Kiɗan nan mai ɗingishi, kamar mai tafiya yana waiwaye. Yatsun Baba na hagu suka fara motsi a kan tabarma. Muryar ta shigo, a dushe, tana karyewa a sama:

"Bahago na Mamman, ina kwana,
wuƙa a hagu, alheri a dama,
sa ya hango ka ya kwanta da kansa,
Bahago mai, mai..."

Ya tsaya. Kalangun ya ci gaba shi kaɗai, yana jira. "Mai me ne ma?" in ji Tanimu. Sai tsohuwar ta ɗago murya daga ɗaki, da ƙarfi:

"Mai ba marayu ƙashi da tsoka a jiki! Kai kam ka tsufa!"

Aka ji yayana ya yi dariya. Tanimu ya ce, "Yauwa!" ya ɗauka daga nan, kiɗan ya ƙara zafi, har wani zakara ya yi cara a tsakiya. Kafin saƙon ya ƙare tsohuwar ta matso kusa, muryarta ta cika wayar.

"Yaro, wannan abin yana ji na? To ka ce masa Talatuwa ce, ta gidan masu tukwane. Wadda yake ƙunsa wa hanta a ganye ran Juma'a, ya ce kada in faɗa wa kowa."

Baba ya yi wata irin dariya da ban taɓa ji ba, hawaye na bin kunnensa. Ya ce in tayar da shi zaune. Ya ce Awa ta kawo masa hularsa. Ya saka, ya gyara ta, ya ɗaga hannun hagu sama kamar da wuƙa a ciki, ya yi kirari. Ya kira sunan ubansa da na kakansa, ya kira Darki, ya kira kara ranar Juma'a. Muryar tana yankewa, yana kamo ta. Maman Awa ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya. Ta zauna da mutumin nan tun tana budurwa, ba ta taɓa ganinsa haka ba. Awa ta durƙusa kusa da ni, da 'yar Hausarta ta ce, "Yaya Sabi'u, me matar ta ce? Marayu me?" Na fassara mata. Ta dubi ubanta ta daɗe, sannan ta ɗora kanta a kafaɗarsa.

Ya ce in ɗauki amsarsa in aika. Ya gaishe da Tanimu, ya gaishe da Talatuwa, ya nemi gafarar duk wanda ya sani, tari ya sarƙe shi a tsakiya. Awa ta ce a sake ɗauka, wannan bai fita ba. Ya ce a tura haka.

Saƙon nan ya zaga Darki. Cikin 'yan kwanaki 'ya'yan ƙaninsa suka kira, waɗanda bai san an haifa ba. Aka riƙa miƙa waya daga hannu zuwa hannu, kowa yana cewa Baba ga ni, ni wane ne. Ya ɗan murmure, har ya koma zama a rumfa yana yi mini gyara a yanka. Kullum bayan azahar sai ya ce in kunna masa. Sau ɗaya na ja saƙon gaba zuwa inda kiɗa ya fara, don in rage masa jira. Ya riƙe mini hannu.

"Mayar da shi farko. Kada ka tsallake mini kajin."

Da damina ta dawo Allah ya karɓi abinsa, da safe, bayan ya sha kunu. Muka rufe shi a maƙabartar Musulmi, a kan tudu, ana hango kogi. Na ci gaba da riƙe rumfar, ni da Maman Awa, har yau.

DARKI

Da na samu zuwa ganin gida, kwana ɗaya na yi a Wudil na ce Yaya ya kai ni Darki. Mun tarar Tanimu yana barci a zaure, jiki ya yi nauyi, muka ce kada a tashe shi. Kalangun yana rataye a bango. Inna Talatuwa ta shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido. Ta kawo ruwa a kwanon sha. Muka yi gaisuwa, muka yi ta'aziyya, na ba ta atamfar da Maman Awa ta aiko mata. Ta shafa ta, ta sa albarka. Ta tambayi yadda ya cika, na faɗa mata. Ta tambayi 'yarsa, na nuna mata hoto, ta ce goshin na gidan Mamman ne.

Har mun miƙe za mu tafi, ta biyo mu bakin zaure. Ta bari Yaya ya yi gaba wurin babur, sannan ta rage murya.

"Ɗan nan, wurin da na gyara wa tsohon nan waƙa, ya fito a cikin abin naku? Ya ji?"

"Ya ji, Inna. Nan ya fi sa a maimaita masa."

Ta gyara mayafinta.

"To madalla," ta ce. "Dama don ya ji na ɗaga murya."